Gali Ya Kai Waƙoƙin Gidansu Sama

A Soron Ɗinki in ka ce Gali ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Injiniya, har kajin unguwa sun san wanda kake nufi. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Wata huɗu ya taɓa yi yana cajin waya a wata rumfa a Ƙofar Wambai. Ranar da ya cusa waya sha biyu a soket ɗaya rumfar ta turnuƙe da hayaƙi, mai rumfar ya biyo shi da takalmi har bakin titi. Tun daga ranar bai ƙara yi wa kowa aiki ba, amma sunan ya riƙe gam. Shekara arba'in da biyu, ga tumbi, ga tabarau wanda ba na magani ba, ga abin ji maƙale a kunne ɗaya ko da ba abin da yake ji.

Gidansu gidan ɗinkin hannu ne, manyan riguna da huluna, tun daga kakansu Baba Mailafiya. Mai ɗinki kuwa ba ya zama shiru, sai da abin saurare. Gidan suna da memori guda ɗaya, ɗan mitsitsi kamar farce, yana yawo hannu-hannu. Da safe yana soro a sifikar maza, da rana ya shiga wajen mata, da yamma a naɗe shi a takarda a sa a gwangwanin man zafi, a kai ɗakin Gwaggo 'Yardada, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Baba.

Komai yana cikin memorin nan: bege, kiɗan ƙwarya, waƙoƙin fim, har da na Indiya. Amma abin da ya sa yake kwana a ɗakin Gwaggo, waƙar Baba ce. Shekara hamsin da suka wuce wani mai kukuma ya zauna a soron nan ya yi wa Baba Mailafiya waƙa, ya jero 'ya'yansa da jikokin da aka haifa a lokacin, kowa da kirarinsa. Aka ɗauka a kaset, daga baya aka juye a memori. Mai kukuman ya daɗe da rasuwa, kuma ba wani gida da yake da waƙar sai su. Ba a fitar da amarya daga gidan sai an sa ta ranar wuni a gaban dangin ango. Wanda ya ji sunansa ya tashi ya taka, wanda ya rasu a ce Allah ya jiƙansa. Ga shi ranar Asabar za a yi wunin Sumayya, 'yar Malam Abdulbaqi yayan Gali, dangin ango kuma daga unguwar Sheshe za su zo.

Ranar Litinin Gali ya shigo soro yana girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

"Yaya Malam, ni wallahi kunya nake ji. Duniya ta yi nisa, mu muna nan muna bin ɗan farce a gwangwani."

Malam bai ko ɗago daga rigar da yake ɗinki ba. Hashim ɗan Gwaggo, taubashin Gali, shi ya ɗago.

"Wace rumfar za a ƙona yau, Injiniya?"

"Kai bawana, yi shiru manya na magana. Akwai wata manhaja, ka biya duk wata kamar kuɗin wuta, waƙar duniya kaf ta zama taka. Ba memori, ba kaset, ba jiran wani ya gama. Waƙoƙin suna sama, kowa ya miƙa wayarsa ya tsinko."

"Sama ina?"

"Sama dai. Ba za ka gane ba, kai da ko allura sai an zura maka zare."

Gwaggo ta zo wucewa da sandarta, ta tsaya.

"Ɗan nan, ta Baba tana can saman?"

"Haba Gwaggo! Waƙa miliyan ɗari ce a wurin. Ta Sin tana nan, ta Misira tana nan, sai ta Soron Ɗinki ce za ta gagare su?"

"Ka gan ta da idonka?"

"Ni da nake magana da su kullum?"

Bai duba ba. Tunanin dubawar ma bai zo masa ba.

Ya bi ɗaki-ɗaki ya tattaro waya tara a faranti. Da ya zo yin rajista, manhajar ta tambaye shi da Turanci: ta mutum ɗaya kake so ko ta iyali? Turancin Gali kuwa a kan allon shago ya ƙare. Ya danna na sama, na mutum ɗaya, ya zuba wa wayoyin tara lambar sirri iri ɗaya. Sannan don kada wani ya ce zai koma tsohon yayi, ya karɓo memori a hannun Gwaggo, wai zai juye shi sama. Ya sa a wayarsa, ya danna wanke, ya cika shi da bidiyon kansa yana yi wa duniya bayanin zamani. Buhun kaset ɗin da ke sito kuwa, mai gwangwan yana wucewa ya kira shi, ya miƙa masa buhun ya karɓi bokiti shuɗi.

Talata da hantsi aka fara.

Malam ya danna bege a soro, kiɗan ƙwaryar Gwaggo ya ɗauke a cikin gida. Gwaggo ta danna nata, begen Malam ya tsaya a tsakiyar baiti. Malam ya sake dannawa, Gwaggo ta sake. Ita manhajar a tunaninta mutum ɗaya ne yake ta canza ra'ayi. Kafin a jima mutum tara suna danne-danne, ba wanda ya ji waƙa ta kai numfashi biyu.

"Gali!" in ji Gwaggo daga ɗaki. "Wa yake ƙwace mini kiɗa?"

"Sabis ne, Gwaggo. Akwai cunkoso a sama."

"Da can mu tara muna jiran memori ɗaya," in ji Hashim. "Yanzu mu tara muna jiran waƙa ɗaya, kuma muna biya. Kai, ci gaba ya zo gidan nan da ƙafarsa."

Gali ya samo gawayi ya rubuta doka a bangon tsakar gida. Safe zuwa hantsi na Gwaggo. Hantsi zuwa azahar na soro. Azahar zuwa la'asar na Yaya Malam shi kaɗai, lokacin da yake kishingiɗa a ɗakinsa. La'asar zuwa magariba na mata. Ya ja da baya yana kallon rubutun, ya ce a ƙasar waje ma haka ake yi.

Laraba waliyyin ango da wasu dattawa biyu suka zo daga Sheshe don a tsayar da lokacin ɗaurin aure. Malam ya sa aka shimfiɗa darduma a soro, ya kunna bege ƙasa-ƙasa, ya gyara rawani. Can cikin gida Zubaida matar Gali tana wanki, ita da karatun bango ba su saba ba, ta danna tata. Maimakon ta fito a wayarta, sai ta faɗo a sifikar soro. Kiɗa ya tashi kamar an buɗe gidan gala, wata yarinya da muryar inji tana roƙon masoyinta ya zo ya ƙarasa ta da kallo.

Malam ya yi wuf ya danna tsaya. Zubaida ta ji shiru, ta ce shegen sabis, ta sake dannawa. Malam ya tsayar. Ta sake. Karo na huɗu Malam ya ɗauki sifikar ya zauna a kanta, yarinyar ta ci gaba da kiran masoyi daga ƙarƙashin babbar riga.

Waliyyin ango ya gyara murya.

"Malam, ashe ana ɗan taɓawa."

Ɗaya dattijon kuwa babban ɗan yatsan ƙafarsa yana ta bin kiɗan, shi bai ma sani ba.

Da baƙi suka tafi Malam ya nemi Gali da zare idanu. Gali ya ce wannan ai alama ce haɗin ya yi kyau, tunda waya tana jin 'yar'uwarta ta bango.

Alhamis kuma abin ya juyo kan Malam ta wata hanyar. Ba wanda ya gaya masa cewa duk abin da waya ɗaya take ji, sauran takwas suna nunawa, da suna da hoto. Tsakanin azahar da la'asar, lokacinsa shi kaɗai, sai ga wayoyin gida gaba ɗaya sun nuno wata waƙar soyayya, hoton saurayi da budurwa a cikin furanni. Ta ƙare, ta dawo. Ta ƙare, ta dawo. Mata suka taru a gindin rijiya suna ƙirgawa. Malam ne fa, wanda shekara ashirin in ya ji waƙar fim sai ya tofar da yawu.

Da la'asar ya fito da carbi, ya tarar da gida tsit, kowa yana kallonsa. Hashim ya juya masa fuskar waya. Malam ya kalla, ya yi tari.

"Bincike nake yi. Ya kamata a san irin ɓarnar da ake cusa wa yara."

"Sau goma sha ɗaya?" in ji Gwaggo. "Lallai binciken ya yi zurfi. Allah ya ba da lada."

Ranar Malam bai ci tuwo a soro ba.

Juma'a da safe Gwaggo ta kira Gali, ta nuna masa tabarma.

"Gobe ne. Sa mini ta Baba in ji."

Gali ya gyara tabarau ya rubuta waƙar Baba Mailafiya. Sai ga wani Bature yana kaɗa molo. Ya rubuta Mailafiya Soron Ɗinki. Sai ga ƙarar ruwan sama, wai ta masu neman barci. Ya rubuta kakana. Ya rubuta mai kukuma da ya zo gidanmu. Ya kai wayar bakinsa ya yi mata magana a hankali, sannan da tsawa. Gumi ya fara bin bayan kunnensa.

"Ina jira," in ji Gwaggo.

"Yau Juma'a ce, Gwaggo. Ma'aikatan saman sun tafi masallaci."

"Turawan?"

"Akwai namu a ciki. Gobe dai za ki ji ta, tas."

Yana fita daga ɗakin ya zuba da gudu, tumbi na gaba yana bin sa. Ya isa Ƙofar Wambai wajen Anas mai tura waƙa, ya miƙa masa memori, ya ce wani sakarai ne a unguwarsu ya wanke, ko za a iya dawo da abin ciki. Anas ya sa a kwamfuta. Fuskar Gali ta cika gilashin, tana bayanin zamani.

"Sakaran ya yi kama da kai," in ji Anas. "Ka wanke, sannan ka zuba fuskarka a kai? Ko wanda ya ƙera shi ba zai dawo da ita ba."

Gali ya bi lungu-lungu har ya samo mai gwangwan a inda suke tara kaya.

"Buhun nan na Litinin, dawo mini da shi, ga bokitinka zan kawo."

"Robar an kai inji an niƙe. Zaren kuma manoman shinkafa suka kwashe. Suna ɗaurawa a gona, in iska ta kaɗa yana walƙiya, tsuntsu ya gudu."

"Waƙar kakana ce take gadin shinkafa?"

"In ka yi sauri ka je Kura, ka bi gona-gona kana sa kunne."

To, mai hankali a nan zai koma gida ya durƙusa gaban Gwaggo ya faɗi gaskiya. Gali kuwa a hanyar dawowa sai ya fara murmushi. Wai shin waƙar nan ba mutum ne ya yi ta ba? Shi kuma mene ne?

Ana saukowa daga masallaci ya shige sito ya ja ƙofa. Ya samo gwangwanin madara, ya ɗaure masa zaren ɗinki, ya samo tsinke, ga kukuma. Ya toshe hanci don murya ta tsufa, yana murza leda kusa da waya don ta ba da ƙarar tsohon kaset. Matsalar ɗaya ce: duk bikin da aka yi a gidan an sa waƙar nan, amma da yake ba sunansa a ciki, da an kunna yake zamewa wajen tukunya. Abin da ya riƙe bai fi amshi da ɗan farkon waƙar ba. Ya cike sauran da basira. Da ya saurara ya gyaɗa kai.

"Ashe ma na fi shi."

Asabar bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil. Dangin ango sun zauna gefe guda, gabansu Hajiya Baraka gwaggon ango, mace mai baki kamar reza, tana fifita da gefen mayafi. Aka fito da Sumayya a lulluɓe aka zaunar. Mazan gida suka shigo suka jeru a bakin ƙofa. Gwaggo ta ɗaga sanda, aka yi shiru.

Gali ya fito da sabuwar hula, ya ajiye sifika a kan turmi.

"Jama'a, yau za ku ji waƙar Baba kai tsaye daga sama. Gidan nan ne na farko a cikin badala."

Ya danna. Wani sauti ya fito kamar ƙofa ta datse wutsiyar kyanwa.

"Me ya sami kukumar?" in ji Gwaggo.

"Sanyin sama ne ya ɗan taɓa ta."

Sai murya ta shigo ta hanci: "Mailafiya mai allura, Mailafiya na... na mutane, Mailafiya dai Mailafiya!"

Tsofaffi suka kalli juna. A waƙar gaskiya, sunan da ke biyo na Baba na babban ɗansa ne, wanda ya rasu tuntuni, don haka bakin kowa ya riga ya saba. Muryar ta ce: "'Yardada mai farin gemu!" Gida gaba ɗaya ya amsa: "Allah ya jiƙan rai!"

"Wa za a jiƙa?" Gwaggo ta buga sanda. "Ga ni zaune! Kuma gemun wa?"

Muryar ba ta saurare ta ba. Ta kira marigayi Baffa Mikail sau biyu, ta tsallake mutum huɗu, ta ce Abdulbaqi mai bincike, ta ce Hashim bawan gida. Daga nan sai kukumar gwangwani ta ƙara wuta:

"Gali, Gali Injiniya! Gali mai hannun zinare! Kan Gali ya fi kwamfuta, Bature ya gan ka ya cire hula!"

Baitin Gali ya fi na Baba tsawo sau uku. Shi kuwa da ya ji sunansa, abin da yake jira tun yana yaro, sai ya manta komai. Ya faɗo fili, ya buɗe hannuwa, yana juyi yana girgiza tumbi, ido a lumshe. Shi kaɗai.

Hajiya Baraka ta daina fifita.

"Hajiya 'Yardada, waƙar nan shekararta nawa?"

"Hamsin."

"Shi mai rawar fa?"

"Arba'in da biyu," in ji Hashim daga bakin ƙofa.

"Ikon Allah! Ashe mai kukuman nan waliyyi ne. Ya hango Injiniya da kwamfutarsa tun ba a yi cikinsa ba."

Kafin dariya ta gama tashi, sai aka ji bugun ƙofa a cikin sifika, ga muryar Zubaida tar: "Gali, wai me kake yi a sito? Akuya ka ɗaure?" Sai mai kukuma ya saki hanci ya ce: "Ke dalla bari, na kusa gamawa."

Wata mata ta faɗo daga kujera. Wata ta ƙware da zoɓo sai da aka bubbuga mata baya. 'Yan Sheshe suna tafawa suna share hawaye. Zubaida ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ba ta san shi ba. Gali ya tsaya da hannu ɗaya a sama.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Ina memori?"

"Na... na wanke shi."

"Kaset fa?"

"Yana Kura."

"Yana me a Kura?"

"Yana aiki, Gwaggo."

Hashim ya fassara wa jama'a irin aikin. A nan dariyar ta mutu. Tsofaffin gidan suka sunkuyar da kai, don muryar nan ita kaɗai ce take kiran iyayensu da suna. Aka ji Sumayya tana shessheƙa a cikin lulluɓi.

"To mu dai motoci na jira," in ji Hajiya Baraka. "In da kukan akuyar za a ba mu amarya, a faɗa mana."

Gwaggo ta ce a kawo mata ruwa a babbar ƙwarya, da ƙarama, da ludayi. Ta kifa ƙaramar a kan ruwa, ta ɗan buga ta ji amo.

Gali ya matso yana murza hula.

"Gwaggo, bari in ɗauka a waya. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Hashim ya zaro tasa wayar, wasu mata ma suka ɗaga nasu. Gali ya daka tsawa.

"Kowa ya sauke! Waya da yawa tana raba sauti, kowa ya samu kaɗan-kaɗan. Ku bar wa mai aikin aikinsa."

Don kada a ɓata lokaci aka sauke. Gwaggo ta fara. Muryar tana rawa da farko, sannan ta zauna. Ta kira Baba da cikakken kirarinsa, ta bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, inda ta manta wata tsohuwa ta jefo mata, inda tsohuwar ta manta wata ta cike. Aka yi ta Allah ya jiƙa a inda ya dace. Malam ya ji sunansa ya fito ya ɗaga ƙafa sau biyu ya koma. Hashim ya taka har hularsa ta faɗi. Da aka zo kan 'Yardada, mata suka rangaɗa guɗa, ita tana bugu hawaye na bin kumatunta. Hajiya Baraka da kanta ta tashi ta fesa wa Sumayya turare. Duk tsawon wannan Gali yana tsaye a gaba, hannu biyu a sama, yana ture mutane da gwiwar hannu kada su shiga masa aiki.

Gwaggo ta sauke, muryarta ta dushe sai raɗa.

"Ban taɓa rera ta ba sai yau. Wasu baitocin ban san daga ina suka zo mini ba, kuma ba na jin za su sake zuwa. Sa mu ji, ɗan nan."

Gali ya sauke hannuwa, ya hura gilashin wayar, ya goge da hannun riga. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Hashim ya leƙo ta kafaɗarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓe wayar ya juya wa jama'a.

Hoto ne. Guda ɗaya. Gwaggo baki buɗe, ido rufe, da rabin ƙwarya.

Gali ya karkata kai ya ƙare wa hoton kallo.

"Amma fa Gwaggo, tsakani da Allah, dubi yadda ya fito tar."

Ludayin yana hannun Gwaggo har lokacin. Waɗanda suke bakin mota a waje sun ce sun ɗauka wani sabon kiɗan aka soma.